Allin Kaka

Jiya jikata ta shigo da farin gari a hijabinta, na kai hanci, sai na ji alli. Daga Bagudo take, wai majalisar jiha ta yi doka a ɗauki sababbin malamai, ita ma ta je an gwada ta a gaban allo. Na sa mata albarka. Amma tunda ita ke rubuta maganar nan, bari in faɗi gaskiya: abin da ya fara taso min a rai ba murna ba ce.

Ni alli a hannun kakata na san shi. Ƙashi take ƙonawa, ta daka, ta dunƙula, ta riƙa shafawa a yatsu in tana kaɗin auduga. Shekarar da aka kawo mana malami ƙauyenmu, nan kusa da iyaka, allinsa ya ƙare, ya zo ya tsuguna yana roƙon nata. Ta ba shi, ta ce, “Ɗiyan ga naka na, kar ka ɓata min su.” Ni na kai masa har rumfar karatu, ya zaunar da ni gaba. Na iya baƙi huɗu. Har yau ina iya zana su a ƙasa.

Da kogin Kwara ya cika ya yanke hanya, malam ya ce zai je ganin gida. Bai dawo ba, ba a kuma aiko wani ba. Rumfar ta zama wurin kwanan awaki. Duk kwalekwalen da ya tsaya, sai in ruga in duba.

Lokacin da wani malamin ya zo daga baya, na riga na yi tsawo. Baba ya dube ni, ya dubi ƙanwata, ya ce ita ta tafi. Ni aka miƙa min mazari. Alli ɗaya muke gutsura da safe, ita ta nufi allo, ni in nufi auduga.

Ban san girman abin da na rasa ba sai da na yi aure. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin busasshen kifi yake yi zuwa cikin ƙasar Benin, ya yi wata biyu, uku. Ya iya boko kaɗan, yakan aiko da takarda. Dole in ɗauka in kai wa ƙanwata. Sai ta buɗe, idonta ya bi layi, ta yi murmushi tun kafin ta buɗe baki.

“Mi kike ma dariya?”

“Ba komi, Yaya. Rubutun mijinki ne kamar kaza ta yi tono.”

Ba ta taɓa cutata ba, na shaida. Amma murmushin nan nawa ne, ita ta riga ni. Ko ta tsallake wani abu don kunya, ban sani ba. Yanzu daga ita har shi suna ƙasa, ina kukansu duka biyu.

Yaran yau za a kawo musu malamai har da doka. Ina ganinsu da jaka ina jin zafi, Allah ya yafe min. Na tambayi jikata ko dokar ta ce wani abu a kan tsofaffi, ta yi dariya. Ta ce in kawo takardun maigidana ta karanta min, suna nan cikin adakata. Na ce a'a. Na gaji da jin muryar mijina a bakin wata.