Goyon da Ban Yi Ba

Ban taɓa son bindiga ba, har yau kuma ba na son ta. Amma na yi wata da watanni ina yanka albasa da ƙaramar bindiga soke a ƙuguna, ƙarƙashin riga, a wani ɗan gidan abinci a Lyon.

Daga Damagaram na zo Faransa karatu. Na gama, aikin da na karanta bai samu ba, sai na kama raba abinci a wani restoran a Paris, ina kwana a unguwar Stains. A can wani mai zuwa cin abinci ya sa mini ido. Da farko sunana yake tambaya, daga baya ya koma jirana a bakin ƙofa. Wata Lahadi da rana tsaka na dawo daga kasuwa na tarar da shi zaune a matakalar benenmu, ya damƙe mini hannu har sai da yatsunsa suka bar shaida. Na je wurin ƴan sanda. Suka rubuta, suka ce in ya sake in dawo. Har yau in na tuna wannan maganar raina ɓaci yake. In dawo da wace ƙafar?

Wani direba da ke kawo mana kaya ne ya samo mini bindigar, ban tambaye shi daga ina ba. Na san doka sarai. In aka kama ni da ita, takardun zamana sun tafi, ni ma na bi bayansu. Na tattara na koma Lyon, na kama ɗaki a unguwar Bron, na canza lambar waya. Ban daɗe ba sai ga kira, muryarsa ce, yana cewa Lyon gari ne mai kyau. Tun daga ranar ban sake fita ba sai da ita a jikina.

Gidan abincin da na samu aiki na wata Hajiya ne mutuniyar Chadi, mai Hausar kasuwa da Larabci a ciki. Mai girkinta ƴar Maraɗi ce, ƙanwata a shekaru, tana da jaririya. Ba a samar wa yarinyar wuri a gidan renon yara ba, don haka da ita take zuwa aiki. A ɗakin baya ake ajiye ta, tsakanin buhunan shinkafa da gwangwanayen tumatir. In an gama abincin rana sai a rufe ƙofa, mu zauna a wannan ɗakin mu ci a faranti ɗaya, a gyara kayan miyar yamma ana hira. Rabona da in ji Hausa na kai da kawo a kaina haka tun ina gida. A duk faɗin garin ba ni da inda ya fi mini wannan ɗakin.

Yarinyar kuwa ta kowa ce. Wadda hannunta ya samu sarari ita ke goyo. Uwar ta sauke, Hajiya ta ɗauka, tana juya miya tana jijjiga ta. A satina na farko ƴar Maraɗin ta miƙo mini zanen goyo ko kallona ba ta yi ba, kamar yadda ake miƙa wa mutum ludayi. Na ja da baya har na bugi firigo.

Duk wadda ta taɓa goyo ta san inda ƙafar yaro take sauka. Daidai nan bindigar take. A jaka kuma ba ta ajiyuwa, don jakunkunanmu a ƙusa ɗaya suke rataye, Hajiya kuwa in tana neman man leɓe ko cajar waya ba ta tambayar jakar wa ce, hannu kawai take zurawa. Ga shi ni ke fita gaba kai abinci, ƙofar gidan ta gilashi ce, duk wanda ya turo ta sai gabana ya faɗi.

Na ce bayana ke ciwo. Ƴar Maraɗin ta yi dariya ta ce boko ne ya cinye mini baya, masu digiri sai dai su goyi jakar littattafai. Na yi dariyar ni ma. Washegari na ce hannuna da tattasai. Haka na yi ta kawo dalili, ita kuma ba ta gajiya da miƙowa, don a wurinta alheri take yi mini. Ni ce babba a ɗakin mahaifiyata, duk ƙannena a bayana suka girma. In yarinyar ta yi kuka, bayana har wani ƙaiƙayi yake. Wata rana aiki ya yi yawa, ta sake miƙo ta, sai na ji na daka mata tsawa na ce ba na goyo, ko dole ne. Ta mayar da ɗiyarta baya ta ɗaure.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Hajiya ta kira ni ɗakin baya ni kaɗai. Ta zuba mini shayi, ta shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da lafiyar Innata, da labarin damina. Na sha jinin jikina, na ce yau asirina ya tonu. Ina zaune a kan buhu, ƙarfen yana tokare mini ƙashi. Sai ta ajiye kofinta.

"Ɗiyata, ni ma na rufe nawa a gida kafin in zo ƙasar nan," in ji ta. "Na san hannun da ke gudun yaro. Ba sai kin faɗa mini ba. Allah ya sa mai ceto ne."

Gaisuwar mutuwa take yi mini. Ita da ƴar Maraɗin sun zauna sun haɗa lissafinsu: mace ta baro Paris ba shiri, ba ta maganar abin da ya baro da ita, tana kallon jaririya kamar ta haɗiye ta amma ba ta taɓa ta. A wurinsu wannan amsa ɗaya gare shi. Ni ko aure ban taɓa yi ba. Na buɗe baki, na hango abin da zai biyo baya in na faɗi gaskiya, a gidan da ke da jaririya, a wurin matar da duk abin da ta mallaka yana cikin wannan gidan.

"Amin, Hajiya," na ce.

Daga ranar suka shiga tausaya mini, kuma tausayin nan ya fi tsawa ciwo. Tsoka mafi kyau a gabana ake tura ta. Ba wanda ya sake miƙo mini zane. In na shigo ɗakin baya ana yi wa yarinyar wasa, sai a yi shiru, uwar ta ɗauke ta ta fita da ita wai shan iska. Ba a maganar nono ko wanka a gabana. Ranar da ta fitar da haƙori, a bakin mai kawo ganye na ji. Da na ga zamana yana hana su sakewa, sai na fara cin nawa a tsaye a wurin wanke-wanke, ina cewa sauri nake. Suka bar ni, don a ganinsu mai baƙin ciki ba a matsa masa.

Ran Lahadi a Bron nakan wuni ban yi magana da kowa ba. In na kira Inna, gaisuwa ce a gajarce saboda kuɗin katin waya, ta tambayi aiki in ce lafiya lau. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ko a shekarar da na fara zuwa ban san kowa ba.

Wata rana ina tsaye da farantina na ji tafi daga ɗakin baya, Hajiya tana guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Yarinyar ce ta dafa buhu ta miƙe. Na ji komai ta bayan ƙofa. Na ajiye farantin.

Washegari na naɗe bindigar a tsohon kallabi na tura ƙarƙashin katifa. Na ɗauko zanena mai kauri na sa a jaka. A cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, na zauna bayana jingine da bango, ina duba fuskar duk wanda ya shigo, hannuna yana ta komawa ƙuguna yana tarar da wayam. Na isa gumi ya jiƙa ni. Na yi aikin rana ina zubar da cokula.

Da aka rufe ƙofa na shiga ɗakin baya, na zauna a ƙasa tare da su, na fito da zanen. Na ce wa ƴar Maraɗin ta ba ni ita in goya. Suka kalli juna. Idon Hajiya ya kawo ruwa, ta ce alhamdulillahi. Uwar ta ɗago yarinyar da sauri ta ɗora mini a baya.

Ta yi nauyi fiye da yadda na zata, ga ɗumi. Ban kai ga jan zanen ba ta tsandara kuka. Ta banƙare, tana dukana da ƙafa, tana miƙa hannu wurin Hajiya. Na jijjiga, na yi mata duk waƙar da na yi wa ƙannena, kukan sai ƙaruwa yake har ta fara shiɗewa. Dole uwar ta karɓe ta. Tana jin hannun uwarta ta yi shiru, ta leƙo ni ta kafaɗa tana ajiyar zuciya.

"Kada ki ji komai, Yaya," in ji ƴar Maraɗin. "Ƙiwa ta fara. Ba ta san ki ba ne."

Na ce haka ne. Na zauna ina ninke zanen a kan cinyata, na daɗe ina ninke shi.