Baba Masinja a Ƙofar Alƙali

Kafin a buɗe kotu, Baba Masinja ya riga ya share baranda, ya kakkaɓe bencin da dangin waɗanda aka kamo ke zama. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Aikinsa a takarda shi ne ɗaukar fayil daga ofishin rajistara zuwa teburin alƙali. Amma kullum da safe sai ya bi bencin nan yana tambaya: "Wa zai tsaya masa? Kin sa wani abu a bakinki kuwa?" Ba wanda ya sa shi wannan.

Ni na san shi ne ranar da ƙanena ya jawo mana magana. Direba ne, ga saurin hannu. Sun yi cacar baki da maƙwabci a kan kwata, ya ɗauke shi da mari, sai ga mu a kotu ranar Juma'a. Alƙali ya ba da beli, da sharaɗin mutum ɗaya ya tsaya masa, ya kawo katin shaida da hoto biyu. In ba a sa hannu ba kafin motar gidan yari ta tashi ƙarfe biyu, to sai Litinin. Matarsa kuwa haihuwa yau ko gobe, tana kan benci tana share hawaye.

Na ruga gida na dawo da hotuna ina haki, ina jin kaina jarumi. Baba ya dube su, ya dube ni.

"Ɗana, ai wannan fuskar mai marin ce. Ita muna da ita a ciki. Taka ake so, kai da za ka tsaya masa."

Saura minti arba'in. Ya nuna mini shagon mai hoto a bayan kotu, ya ce in ce shi ya aiko ni. Shi kuwa ya rungumi fayil, ya je ya tsaya a ƙofar alƙali, wanda har ya ɗauki makullin motarsa. Rajistara ta gaya mini daga baya cewa sau biyu alƙali yana daka masa tsawa. Baba bai gusa ba, sai dai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, hoton yana hanya." Alhali kalma ɗaya daga bakin alƙalin nan ta isa ta raba shi da aikinsa.

Na iso da hoton ko gama bushewa bai yi ba. Aka sa hannu. Muna fitowa ana tayar da motar gidan yari.

Baba, kai ne ƙarami a jerin ma'aikata, kai ne babba a idon duk wanda ya taɓa zama a bencin nan. Na bi ka zan yi maka alheri, ka ture hannuna ka ce, "Kai ƙanenka gida, ka ce masa ya riƙa barin hannunsa a aljihu." Har yau in na tuna sai in yi dariya, idona kuma ya cika.

Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku da ke ɗaukar fayil a ofisoshi, ku yi koyi da shi, ku tuna akwai mutum a cikin kowane ɗaya.

Washegarin belin nan, ranar Asabar da hantsi, naƙuda ta kama matar ƙanena, shi da kansa ya kai ta asibiti. Yarinyar yanzu shekararta tara. Tana da sunanta mai daɗi, amma a gidanmu Masinja muke kiranta, kuma tana amsawa.