Hagun Kansila

Ni na fito a mugun kansila a wasan nan na talabijin, kuma ko yau aka ce in sake zan sake, sai dai zan gyara wuri ɗaya. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya zaci tuba na zo yi.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, da yamma kuma muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke taruwa a aji shida. Sai ga wani darakta daga babban birnin jiha, kyamara ɗaya, tabarau biyu, ya ce gidan talabijin na son wasan 'yan sanda mai kisa da bincike, amma a yi shi a bakin ruwa don mutanen birni su ga tabki. Labarin nasa ba tsawo: an tsinci gawar wani masunci a ciyawar gaɓa, ɗan sandan ciki ya bi sawu, sawun ya ƙare a ƙofar gidan kansila. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake cin amana a garin masunta. Shi jakar kuɗi ya rubuta, ana miƙa wa kansila ita a bayan mota. Na ce masa, ranka ya daɗe, mu nan ba haka ake yi ba, bari in nuna maka.

Abin da na nuna masa ba ƙagawa na yi ba. A gidanmu na gan shi.

Kawuna, yayan Inna, shi ya riƙe ni tun ranar da ruwa ya ci babana. Shi ya sa ni boko ana yi masa dariya, shi ya kai ni kwalejin horon malamai da akwatina a kansa. Masunci ne na ƙwarai. Tun yana saurayi kunamar ruwa ta harbe shi a hannun hagu, hannun ya warke amma ya tsotse, yatsun suka zama sirara, ya ɗan lanƙwashe daga wuyan hannu. Damansa kuwa Allah ya yi mata albarka, kowane yatsa kamar saiwar rogo.

Da aka buga gangar siyasa, jam'iyyu biyu kacal, Kawu ya tsaya ya ci kansila, aka kuma ba shi shugabancin kwamitin duba raga. Dokar mai sauƙi ce. Duk ragar da idonta bai ɗauki yatsa uku ba a ƙwace ta, don tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Ba wanda ya tuna ya ce yatsun wa. Hannun shugaba shi ne ma'auni.

To, in ragar ɗan jam'iyyarsu ce, Kawu sai ya zura hagu, yatsu uku su wuce sumul, ya ce ta yi. In ta ɗan hamayya ce sai ya kawo dama, ya tura, ya yi nishi, ya girgiza kai, a naɗe raga a tafi da ita. Bayan kwana biyu sai ka gan ta a jirgin wani nasu. Kowa ya san miƙa wa mutum hagu raini ne, tun muna yara ake make mana hannu a kansa. Amma a bakin ruwanmu a shekarun nan sai ka ji dattijo da gemunsa yana roƙon Allah ya haɗa shi da hagun kansila. Na san mutanen da suka sauya jam'iyya ba su taɓa jin manufarta ba, hannu kawai suka bi.

Inna banda take yi, ita ke kyafa kifi tana kaiwa kasuwa, saboda haka ita ta fara ganin abin a kan wayar bandarta. Kifi sai ƙara ƙanƙancewa yake yi. Ba ta ce wa yayanta uffan ba, sai dai in tana juya su ka ji ta ce, "Kihin bana duk marayu na, ba uwa ba uba."

Ranar ɗaukar hoto, rana tsaka, na sha babbar riga ta aro, aka jera masunta na gaske da ragoginsu don wurin ya cika. Na sa dama, na yi nishi, na ƙwace. Na zo kan na gaba na sa hagu. Wallahi ban shirya lanƙwashe hannun ba. Shekara da shekaru ina kallon hannun nan yana ɓare gyaɗa yana ɗinkin raga, jikina ne ya kwaikwaya ba tare da ya tambaye ni ba. Darakta ya yi tsalle, ya ce wannan barkwanci bai taɓa ganin irinsa ba, a maimaita a ɗauko hannun kusa. Masuntan kuwa ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho a cikinsu ya matso ya ce mini a hankali, "Malam, kana da wani wurin cin tuwo dai ko?"

Na ji shi sarai, na yi kunnen uwar shegu. Na ce ai sunan garin da ke cikin wasan ƙagagge ne, hular ma ba irin ta Kawu ba ce, wa zai gane? Wautar mai ilimi ke nan, ya ɗauka in ya sauya suna ya sauya mutum.

Aka nuna wasan bayan magariba. Mun kalla a gidan wani dillalin kifi mai injin wuta, don mu da madatsar ruwa ke kan hancinmu wutar lantarki baƙuwa ce a wurinmu. Tsakar gidan ya cika har kan katanga. Hannun nan na fitowa a gilashin talabijin wurin ya ɗauki ihu, "Kansila! Kansila!" Ana dariya ana dukan cinya, ni kuma ina ta fama da jin daɗi, don na san na iya. Sai fitowa ta gaba ta zo, ga ni da hannun nan lanƙwashe ina umartar yarana su kifar da jirgin masuncin da ya kai ƙara. Dariya ta ɗauke. A nan na gane ɓarnar da na yi. Awon gaskiya ne, kisan na darakta ne, amma hannu ɗaya ya yi su duka biyu, mai kallo kuma ba ya tsayawa tankaɗe. Kawu bai taɓa kashe kowa ba, mutane nawa ma ya tsamo daga ruwa.

Washegari da hantsi ya zo gidan Inna, ya ƙi zama a tabarma. Ya ɗaga hagun a gabana.

"Kai wanga, da hannun ga na ɗauke ka ranad da ubanka yan nutse. Shi kaka yi ma dariya gaban duniya?"

Na durƙusa na ce, "Kawu, kisan ba naka ba na, nan na yi kuskure, kuma ni ka hwaɗi ko'ina. Amma awon naka na."

"Ka tai bakin ruwa ranak kasuwa ka ce duka ƙarya ta. In ba haka ba, ba ni ba kai."

Inna tana bakin banda, ba ta ko juyo ba ta ce, "Yaya, yaron ga ya yi rashin kunya, ban musa ba. Amma leƙo nan ka ga abin da ni ka kyahwawa." Bai leƙa ba. Ya shuri takalmansa ya fita.

Ranar kasuwa na je. Na hau kan wani kifaffen jirgi na faɗa da ƙarfi cewa kisan da suka gani ƙarya ce tsagwaronta, duk wanda ya jingina wa kawuna ita Allah ya isa tsakanina da shi. Aka tsaya ana jiran sauran. Ban ƙara ba, na sauko. Ina son Kawu fiye da yadda nake son kowane namiji a duniya, amma ba zan tsaya gaban mutanen da aka ƙwace wa raga in ce musu mafarki suka yi ba.

Ya cika alkawarinsa. Ba da jimawa ba aka mayar da ni wata makaranta can wajen Ngaski, wannan bai dame ni ba, alli dai alli ne. Abin da ya ci ni shi ne shirun. Duk Sallah sai na je na durƙusa na gaishe shi, shi kuma ya dubi katanga ya amsa mata. Na yi aure bai zo ba, aka yi sunan 'yata ya aiko da kifi ba saƙo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ba zan ce wasanmu ya gyara ƙasa ba, ƙarya ba ta da kyau. Abin da na sani, daga ranar duk sanda Kawu ya ɗaga hannu zai auna sai taro ya ɗauka, "Dama! Dama!" ko kuma 'yan hamayya su ce a ba kowa hagu. Awon ya zama abin kallo, har aka gaji aka sassaƙo wani ɗan katako mai faɗin yatsa uku. Daga baya soja suka rushe kansiloli gaba ɗaya, Kawu ya tuɓe babbar riga ya koma jirginsa.

Shekaru sun ja. Wata rana da la'asar na biya gidansa don gaisuwar da na saba yi wa katanga. Na same shi gindin mangwaro yana saƙar sabuwar raga, furfura ta gama cinye gemun. Na durƙusa, na gaishe shi, na yunƙura zan tashi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, zaka riƙe min nan."

Na kama bakin ragar. Ya ja ta ta miƙe, ya kawo damansa, ya zura yatsun nan uku masu kauri a ido ɗaya, ya juya su, har da sauran wuri. Ya sake a wani idon, ya sake a wani.

"Ka gani? Da dama." Ya zare yatsun. "Sai ka kai musu talabijin."

Na riƙe masa ragar har ya kai ƙarshen layin. Da aka kira sallah ya nemi tashi gwiwa ta ƙi, sai ya miƙo hagu ya dafa kafaɗata ya miƙe, bai kuma ɗauke hannun ba har muka isa masallaci.