Na Binne Yayana Idona a Bushe

Assalamu alaikum. Da yawanku kun yi ta cigiyata, wasu har gida suka aiko. Na yi shiru ne don ban san ta inda zan fara ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Habu, malamin firamare ne a Falgore.

Abin ya fara da rashin barci. In wuni ina surutu, ina tsara abubuwan da suka fi ƙarfina. Na taɓa tsayawa a kasuwar Rogo ina taya shanun huɗa, alhali ko akuya ba ni da ita. Bayan 'yan makonni kuma sai in zube a ɗaki, ko sallama ba na son amsawa.

An yi rubutu, an yi ruƙiyya. Yayana, Yaya Sani, shi ya ce, "Addu'a ba ta hana zuwa asibiti." Ya kama hannuna har asibitin ƙwaƙwalwa a Kano.

Layi, kati, gwajin jini, tambayoyi ba iyaka. Likita ta ce ciwo ne mai ɗaga mutum sama ya jefo shi ƙasa, kuma yana da magani. Maganin ba araha. Ragon da Yaya yake kiwo don layya shi ya tafi a kai.

Barci ya dawo, surutu ya tafi. Amma ba shi kaɗai ya tafi ba.

Hannuna ya riƙa rawa, alli ma da ƙyar nake riƙewa. 'Yata Ummi ta fara tafiya, gida ya kaure da shewa, ni ina kallonta kamar 'yar maƙwabta. Wata rana kuma fushi ya taso min ba dalili, in daka wa matata Rabi tsawa a kan gishirin miya.

Ana cikin haka, da damina, Yaya Sani ya kwanta ciwo. Bai tashi ba.

Na ɗauki makara. Na zuba ƙasa da hannuna. Masu ta'aziyya suna cewa, "Kai, Malam Habu akwai tawakkali." Ni na san ba haƙuri na yi ba. Babu komai ne a ciki.

Na ce wa Rabi zan daina shan maganin, tunda ya hana ni yi wa ɗan'uwana kuka.

Ta ce, "Malam, wanda yake kai ka asibiti ya tafi. In ka koma yadda kake da, wa zai riƙe mu? Ka je ka faɗa wa likita abin da ka faɗa min."

Na je. Likita ta ce, "Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

Na ce, "Na ɗauka haka lafiyar take."

Ta ce, "A'a, Malam. Wannan ma yana cikin abin da muke dubawa."

Aka sake gwajin jini, aka rage ƙwaya ɗaya, aka sauya ɗaya a hankali. Sauƙin bai zo lokaci guda ba. Akwai makonnin da na ji kamar gara da.

Da kaka na je cire gyaɗa a gonar Yaya saboda iyalinsa. Na tara tuli, na juya zan ce ya miƙo buhu. Har "Yaya" ya fita daga bakina.

A kan kunyar gonar na zauna, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Da na koma gida mahaifiyarmu Inna ta ga idanuna, ta ce, "Alhamdulillahi. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya dawo min."

Har yanzu ina shan magani, ina zuwa ganin likita, na kuma koma aji.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rabi, da Inna, da malaman da suka riƙe min ajina.

In kana shan irin wannan maganin ka ji zuciyarka ta yi shiru, kada ka daina da kanka, kada kuma ka ɓoye. Faɗa wa likitanka, ka tafi da wanda yake ganin halinka a gida. In kuma ɗan'uwanka ne yake shan maganin ka ga ya yi sanyi, kada ka ce ba ya ƙaunarka.

Wanda ya karanta har nan, ina roƙon ya sa Yaya Sani a addu'a. Allah Ya jiƙansa.