Gero da wake a kwamfutar Yaya

Kwana uku na yi ina ƙoƙarin shiga kwamfutar yayana daga ɗakina na Konni, shi kuwa yana can Tajaye. Tun da ya yi ritaya yake rubuta tarihin gidanmu, yana so ya gama kafin idonsa ya ƙara lalacewa. A bakinsa dai idon lafiya lau yake, haruffa ne suka yi ƙanana. Ni ban yarda ba, amma ba a musu da Yaya.

Da na je gida da Salla, na saka masa manhajar da za ta ba ni damar ganin allon kwamfutarsa daga nesa, in juya shi kamar ina zaune a gabansa. Na ce ya buga kalmar sirri da hannunsa, na kau da kai don kada ya ce na raina shi. Na yi alkawarin in na koma Konni zan shiga in girmama masa haruffan, don direban mota ya riga ya fara yi mini ham a ƙofa.

Ran farko rezo, wato layin intanet, ya ƙi. Rana ta biyu aka ɗauke wuta a wajensu, muka jira har la'asar. Ran na uku komai ya daidaita, sai kalmar sirri. Ya ce "gero da wake" ce, a haɗe. Na buga ta ƙi, na sake ta ƙi. Na gwada manyan baƙi, na gwada ƙanana, bayana ya ƙage, shinkafata ta kama a tukunya. Wallahi na gaji, har na fara ɗaga masa murya a waya. Ya tuna mini cewa shekara talatin ya yi sakatare a buro, wato ofis, yana buga takarda ba ya duban yatsunsa, ba ni zan koya masa ba.

Wannan maganar ce ta tsayar da ni. Keken rubutun buro na Faransanci ne, kwamfutar kuwa a Sakkwato ya sayo ta, jerin haruffanta na Ingilishi ne. Inda yatsansa ya saba samun harafin a, harafin q ne a can. Inda w take, z ce. Na ɗauki biro na juya kalmar a bayan wata takarda, na buga gerodqzqke, ina jin kunyar abin. Nan take allonsa ya buɗe a gabana.

Na so in yi masa tsiya, amma rubutun yana buɗe, sai na fara karantawa. Shafi bayan shafi, babu harafin a ko ɗaya. Sunan babanmu da q, Tajaye da q biyu, labarin shekarar da kakanmu ya tafi cin rani bai dawo ba duk haka. Wata da watanni yana zaune gaban wannan allo, bai ga ko ɗaya ba. Gyaran haruffa ba wuya, wuni ɗaya ya isa. Abin da ya karya mini zuciya daban ne.

"Ke shiga, Auta?" ya tambaya.

Na ce na shiga. Ya ce to mi na gani, na ce rubutu mai yawa, Allah ya ƙara basira. Ya yi dariya, ya ce in yi abin da ya kawo ni, yana da sauran aiki.

"Bari in girmama maka su, Yaya. In sun yi daidai ka gaya mini."

Na kai hannu ke nan, ban ko taɓa komai ba, na ji muryarsa.

"Yawwa, ya yi hakanga. Yanzu ina gani sarai."