In Ka Isa Ka Yi Filashin

A rumfar da na koyi gyaran waya a Gusau, filashin aiki ne na ƙwararru: a jona waya da kwamfuta, a wanke mata ƙwaƙwalwa, a zuba sabuwa. Daga baya 'yan gari suka ƙwace kalmar suka liƙa wa marowaci, wanda zai kira ka ya katse don kai ka ƙona katinka. Ni kuwa ba abin da ke ba ni haushi kamar wannan hali.

Shi ya sa da na je gida Zugu, na ji Inna tana ce wa ƙanena, yana shirin hawa babur zuwa kasuwar Bukkuyum, "In ka isa ka yi man filashin," sai dariya ta kama ni.

Na ce, "Haba Inna, rowar har ta iso gidanmu?"

Ba ta ko kalle ni ba. Matar ƙanen nawa ce ta amsa daga bakin murhu: "Yaya, nan ba rowa ta ba. In waya ta yi ƙara guda ta yi shiru, mutum ya isa lahiya. 'Yan bindiga ɗai ka barinta ta yi ta kuka, da wayar wanda sunka kama."

Dariyar ta maƙale mini. Yaushe garinmu ya koma haka ban sani ba? Duk da haka na ce a raina tsoro ne irin na mata.

Da hantsi wayar Inna ta yi ƙara a kan tabarma. Lambar ƙanena ce. Kowa ya tsaya cak yana jiran ta yi shiru. Ba ta yi ba. Ludayi ya faɗi daga hannun matarsa, Inna ta fara salati a hankali.

"Ku bari mana, kati ya samu!" na ce, na ɗauka.

Muryar ba tasa ba ce. Wani ne, hankali kwance, ya ce, "Ba ni uwar yaron."

Ko da na juya, Inna ta riga ta miƙo hannu.

Ƙanena ya dawo daga hannunsu bayan damina, ƙashi da rai. Ranar da zan koma Gusau shi ya raka ni bakin hanya, yana ɗingishi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, don Allah, in ka isa kak ka kira Inna."