Bencin da Ƙusarsa Ta Karkace

Shekara talatin Kafinta ya yi a shagonsa na bayan tasha, yana haɗa wa mutane ƙofa da gado. Mutum ne mai raha. In kujera ta yi ƙara, sai ya ce gaisuwa take yi. Da ciwon hanta ya kama shi, likita bai ɓoye masa ba, ya ce watanni kaɗan suka rage.

Bayan kwana uku matarsa ta same shi yana wasa zarto.

"Haba Maigida, da wane ƙarfin?"

"Na yi wa coci alkawarin benci goma sha biyu," in ji shi. "Tsoro kam ina ji, Maman yara. Amma Yesun da ya riƙe ni har yau ba zai sake ni a bakin kabari ba. Miƙo min guduma."

Ta miƙa masa tana hawaye.

Tara ya gama kafin ya rasu. Duk Lahadi matarsa a kan na ƙarshen take zama, wanda hannun mijinta ya yi rawa wajen haɗa shi har ƙusa ɗaya ta karkace. Ta hana kowa gyarawa.